Gashin da na riƙa tarawa a leda

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, ɗana na uku yana da wata huɗu a duniya. Na kwantar da shi, na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin girki na zauna tsifa, don kitson kaina ya haura wata guda, hidimar goyo ba ta bar ni na waiwaye shi ba. Da na warware layin farko na zura mataji, sai na ji ya wuce sumul, babu turjiyar da na saba ji. Na ɗago shi na ga haƙoransa sun cika dam da gashi. Na cire na ajiye a gefen cinyata, na sake tajewa, ya sake cika. Kafin in kai rabin kai, abin da na tara ya kai dunƙulen fura.

Tun muna yara Innarmu ta hore mu da cewa ba a yar da gashi a sarari, sai dai a binne ko a cusa a ramin katanga. Don haka na samu baƙar leda na zuba, na ƙulle, na tura ƙarƙashin gado da niyyar in binne da yamma. Ban binne ba. Tsifa ta gaba na ƙara wani a ciki, na kuma ƙara. Har ta kai in babu kowa a ɗaki nakan jawo ledar in ɗaga ta in ji nauyinta a hannuna.

A ranar ne kuma na tsaya gaban madubi na yi wa kaina kallon tsaf, irin kallon da na daɗe ina gudu. Gefe biyu na goshina, daga saitin kunne zuwa sama, gashi ya ja da baya kusan faɗin yatsu uku. A can bakin goshi akwai wani siririn layi na 'yan gashi marasa ƙarfi, bayansa kuma fata ce fili. Wannan kam ba a jego ya fara ba. Na san ya daɗe, ina dai jawo ɗankwali gaba ina rufewa.

Mu gidanmu masu gashi ne. In dangi suka taru a biki, ni ake kira a zame min ɗankwali a nuna wa baƙi. Duk sati biyu ake tura mu gidan makitsiya a bayan layinmu, a cikin birnin Kano. Za ta matse kanki tsakanin gwiwoyinta, ta tsaga da tsinke, ta kamo har 'yan gashin gaban goshi waɗanda ba su fi ƙwayar shinkafa tsawo ba, ta ja su cikin kitso. Kin yi motsi, ta ƙwanƙwashe ki da bayan mataji. Kin yi kuka, a ce sai an sha wuya akan sha daɗi. Kitson sallah ya fi kowanne, ƙanana-ƙanana, a ja shi har girarki ta ɗaga sama. Daren ranar ba ma iya ɗora kai a matashi, sai dai mu kwana rub da ciki. Bayan kwana biyu wasu ƙuraje masu farin baki su feso a layin goshi da ƙeya, Inna ta gasa mana da tsumma da ruwan ɗumi, ta shafa man shanu. Babu wanda ya ɗauki ƙurajen nan a bakin komai, alamar kitso ya kamu ce a wurinmu. Ba na ganin laifin Inna ko kaɗan. Haka ita ma aka yi mata, kuma makitsiyar da hannunta ba shi da zafi mata ba sa komawa wurinta.

Da na zama budurwa sai man miƙar da gashi ya shigo rayuwata, wanda muke kira rilaksa. Duk wata biyu ake shafa min, a bar shi a kai har sai ya fara cin fata, wai a lokacin ne yake kamawa. Sau da yawa a makon nan ake ɗora kitso a kai, ɓawon ƙunar ma bai gama faɗuwa ba. In ba kitso, in tattare gashin in ɗaure shi tamau da ribom a tsakiyar kai, in ɗaura ɗankwali a kan layi guda kullum, ko in sa hula mai roba a ƙarƙashin hijabi. Shekara fiye da ashirin ana jan wuri ɗaya.

Da na nuna wa surukata ledar, sai ta ce, “'Yar nan, kwantar da hankalinki, goyon namiji ne. Nono yake ja, gashi yake bi. In kin yaye zai dawo.” Gwaggona kuma ta ce baki ne, yawan nuna gashin da aka riƙa yi tun ina yarinya ne ya tambaye ni, ta aiko min da rubutu da turare. Wata maƙwabciya ta rage murya ta tambaye ni ko na taɓa barin gashin da na taje a gidan wata. Kowa da nasa, kuma kowa don ƙauna ya faɗa.

Daga nan na shiga shafe-shafe. Man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun da habbatus sauda, hulba da aka jiƙa, karkashi, lalle, ruwan albasa da ya sa ɗakina ya yi ta wari. Na daka tafarnuwa na manna a gefen goshi na kwana da ita, da safe wurin ya tashi kamar an zuba min ruwan zafi. Na sayi garin chebe na matan Chadi, na kwaɓa da mai na dame fatar kaina da shi, alhali su masu abin a jikin silin gashi suke shafawa su kitse, don ya riƙe laima kada ya karye. Ba zan ce waɗannan abubuwa banza ba ne. Man kaɗanya har yau shi nake amfani da shi, yana tausasa gashi, yana rage karyewa. Amma duk hidimarsu a kan silin da ya riga ya fito take, ni kuwa matsalata tana can ƙasa, a saiwa da kuma cikin jinina.

Abin da ya fi ci min kuɗi shi ne wani haɗin mai da na gani a WhatsApp, da hotunan kan mata kafin da bayan amfani. Kwalba ce babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da ke ciki, sai alkawarin gashi cikin sati biyu. Na sayi uku a jere da kuɗin adashina. Abin da na samu ƙaiƙayi ne da amosani.

Na yaye yaro, gashi bai dawo ba. Na daina cire hula ko a ɗakin barci. Baban yara ya yi magana sau biyu, ya ce shi bai ga abin damuwa ba, amma na kasa yarda har zuciyata. Ranar da abin ya fi yi min ciwo, a bikin ƙanwata ne. An ɗauko mai kitso gida, mata cike da falo, aka zo kaina. Ta zame hular, ta juya kaina hagu da dama, ta ce da ƙarfi, “To Hajiya, nan gaban ina zan kama?” Falon ya yi tsit. Wata ta ce a sa mata gashin doki a rufe. Na so in amsa, wallahi na so. Sai na tuna hadisin da aka karantar da mu a Islamiyya, wanda Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito, na matar da ta zo wa Manzon Allah (SAW) ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta zubar mata da gashi, ko ta ƙara mata wani, bai ba ta izini ba. Na mayar da hulata na ce kaina ke ciwo, na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

A duk tsawon wannan lokaci akwai wasu abubuwa a jikina da ban taɓa haɗa su da gashi ba. In na ɗebo ruwa bokiti biyu sai haki. In na miƙe da sauri sai jiri. Ga kwaɗayin ƙanƙara, in tauna ta ƙurus-ƙurus ko da sanyin hunturu, da farar ƙasa da nake ɓoyewa a jaka. Haihuwa uku cikin shekara biyar, al'ada mai yawan zuba, kuma abincin safena kullum shayi da burodi. Na ɗauka gajiyar uwa ce kawai.

Babban ɗana ne ya zama sanadin zuwana asibiti. Makero ya fito masa, fari-fari zagaye a wurare uku, gashin wurin ya kakkarye, wataƙila daga injin aski ya ɗauko. Na shafa masa man da aka ba ni a kemis wata guda bai ji ba, na kai shi wurin likita. Likitan ya ce naman gwari ne ya shiga cikin silin gashin, man shafawa kaɗai ba ya isa can, sai ya sha girisofulbin na sati 6 zuwa 8, a raba masa mataji da hula da tawul, a duba ƙannensa. Na ga yadda ya kalli kan yaron ya gane abin nan take, ya kira shi da sunansa. Har na miƙe zan fita, na dawo na zauna na ce, “Likita, ni ma ina da magana.” Ya saurare ni, ya rubuta min takarda zuwa sashen fata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin ranar ban san cewa likitan fata shi ne likitan gashi ba.

Mace na tarar, kuma hakan ya sauƙaƙa min. Ta rufe ƙofa kafin ta ce in cire hular. Ta kamo gashi kaɗan a wurare daban-daban ta ja a hankali, ta ƙirga abin da ya biyo hannunta. Ta ɗora sili ɗaya a farar takarda ta nuna min wani ɗan farin ɗigo a ƙarshensa, ta ce wanda yake da wannan daga saiwa ya faɗo, wanda ba shi da shi karyewa ya yi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Sannan ta ɗauko wata 'yar na'ura mai gilashi da fitila ta bi gefen goshina da ita a hankali, ta daɗe a ɓangaren dama. Ta janye min fatar ido ta ƙasa ta duba, ta duba farcena, ta yi min tambayoyi har da na ƙanƙarar nan da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ta ce, “Hajiya, abu uku ne suka haɗu a kanki.” Na farko shi ne na jego. Kan mutum yana ɗauke da gashi kusan 100,000, kowane sili da nasa lokacin: ya yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, ya tsaya ya huta kamar wata 3, ya faɗi, sabo ya fito daga ramin. Don haka faɗuwar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kuma wadda ta bar kitso wata guda, duk na kwana 30 yana maƙale a ciki, ranar tsifa zai fito gaba ɗaya. Lokacin ciki sinadaran jikin mace suna riƙe gashin da ya kamata ya faɗi. Bayan haihuwa sai su sauka, gashi mai yawa ya tafi hutu tare, ya zube tare bayan wata 2 zuwa 4. Ba nono ne ke shanye shi ba, kuma babu ruwansa da namiji ko mace. Zazzaɓi mai zafi irin taifod, tiyata, tashin hankali ko rama ta gaggawa duk suna iya jawo irin wannan. Yawanci da kansa yake tsayawa kafin yaro ya shekara.

Nawa bai tsaya ba, shi ya sa ta tura ni gwajin jini. Ta sa a duba yawan jinin, da feritin wanda ke nuna ajiyar sinadarin ayon a jiki, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, da kuma aikin ƙwayar maƙogwaron nan da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, don ita ma in ta rikice tana zubar da gashi. Ta maƙogwaro lafiya lau. Ajiyar ayon kuwa ta yi ƙasa ƙwarai. Wannan shi ne na biyu, kuma shi ne ya haɗa min hakin da jirin da farar ƙasar wuri guda.

Na ukun ne ta sassauta murya kafin ta faɗa. Gefen goshina jan kitso ne da ɗauri, rilaksa kuma ta ƙara raunana shi. Ƙurajen da muke gasawa da ruwan ɗumi kumburin saiwa ne, kukan da take yi ke nan tun da wuri. In aka daina ja a lokacin, takan farfaɗo. In aka ci gaba shekara da shekaru, saiwar ta mutu, tabo ya maye wurin, kuma babu mai ko ƙwaya da ke fito da gashi a kan tabo. Ta ce a hagu tana ganin ramukan gashi da 'yan siraran sili, akwai fata. A dama akwai wurin da ya yi sumul yana sheƙi, ramukan sun toshe. Na tambaye ta, da na zo tun ranar da na fara tara ledar nan fa? Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, amma shekara biyun da na yi ina ci gaba da kitso mai zafi a kan wurin ba ta taimaka ba. Wannan maganar ta zauna min a ƙirji har yau.

Ta rubuta min ƙwayar ayon, ta ce kada in haɗa ta da shayi ko madara, in ba da tazarar kamar awa biyu, in sha da lemon zaƙi don ya taimaka mata shiga jiki. Ta gargaɗe ni bayan gida zai yi baƙi, ciki zai iya ɗaurewa, kada in tsorata in daina. Ta ce in dage da hanta, nama, wake, zogale da alayyahu, ta kuma tura ni wurin likitan mata kan yawan jinin al'ada, don ba a cika tulu mai yoyo. Rilaksa ta ce in bar ta. Kitso manya, sakwa-sakwa, kada a taɓa gaban goshi, kuma in riƙa ba kan hutu. Hula mai roba in canza ta da mai santsi wadda ba ta matsewa.

Sai da ta tabbatar na yaye, ba ni da ciki, ba na kuma shirin ɗauka, sannan ta rubuta minoksidil na kashi 2 cikin 100, mililita 1 safe da dare a fatar kai busasshiya. Ta ce asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shan sa gashi yana fito musu, a 1988 Amurka ta amince da na shafawa a kai. In wanke hannu bayan na shafa, kada ya gangaro fuska don yana fito da gashi a kumatu, in ajiye shi inda yara ba sa kaiwa. Ta ce a makonnin farko zubar za ta iya ƙaruwa, kuma kada in sa ran ganin komai kafin wata 3 zuwa 6.

Da ba ta faɗa min wannan ba, da na watsar da shi. A sati na uku mataji ya sake cika, na zauna bakin gado da kwalbar a hannu ina ta saƙe-saƙe. Baban yara ya ce, “Ai ta gaya miki haka zai yi. Ki cika wata shidan tukuna.” Shi ya riƙa ɗaukar min hoton goshi da wayarsa duk farkon wata, a bakin taga ɗaya, kamar yadda likita ta ce. Hakin ne ya fara tafiya, sai kwaɗayin ƙanƙara. A wata na huɗu, ina alwala na shafo kaina, sai na ji wani laushi a gefen hagu kamar kan jariri. Na fito da gudu na tsaya a hasken rana da madubi. Ga su nan, ƙanana, baƙaƙe, sun tsaya cirko-cirko. Na yi sujada a nan tsakar gida.

Zuwan da na riƙa yi asibiti ya nuna min cewa kowa da irin nasa. Na zauna kusa da wata yarinya da gashinta ya zube a zagaye kamar sulalla, sumul babu ƙaiƙayi, a gida an ce aljanu ne suka aske ta. Uwarta ta ce min likita ta yi musu bayanin garkuwar jikinta ce ta juya wa saiwar gashin, ana yi mata allura a wurin, kuma ya fara fitowa. Baban yara ma ya raka ni sau ɗaya ya tambayi nasa sanƙon. Aka ce nasa gado ne, sinadarin maza ne ke ƙanƙantar da saiwa a hankali. Akwai minoksidil, akwai ƙwayar finasterayid ta maza wadda a wasu takan taɓa sha'awa, kuma dukansu in aka daina sanƙon zai ci gaba daga inda ya tsaya. Akwai kuma dashe, a ciro saiwa daga ƙeya a dasa a gaba, irin wanda mutane ke tafiya Istanbul ta Turkiyya su yi. Ya saurara, ya yi godiya, ya ce shi ya karɓi nasa a haka.

Yau tsakiyar kaina ya cika, hagu ya dawo kusan yadda yake, ko da yake bai kai kaurin da ba. A dama akwai wuri faɗin yatsu biyu da bai dawo ba. Likita ta ce dashe ne kaɗai zai iya rufe shi, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfinmu. Nakan taɓa wurin in ina taje kai. Wani lokaci ba na jin komai, wani lokaci in tuna yarinyar da ake zame wa ɗankwali a biki. Ledar nan kuwa na binne ta a gindin bishiyar zogalen gidanmu, bayan komawata asibiti ta biyu.

'Yata ta biyu tana da shekara bakwai yanzu, gashinta irin nawa na da. Ana saura kwana biyu sallah ƙarama na kai ta kitso da kaina, na jawo kujera na zauna kusa. Da makitsiyar ta kai tsinke gaban goshi, na ce, “Iya, don Allah ki bar mata waɗannan ƙananan, kada ki kama su. Ki kuma sassauta hannu.” Ta ce, “Maman yara, ai ba zai yi kyau ba, kuma ba zai kwana biyu ba.” Ban yi mata musu ba. Na zame hulata na juya mata gefen dama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta warware layin da ta fara ta sake shi.

Da aka gama na ce wa yarinyar ta ɗaga gira, ta sunkuyar da kai, ta juya wuya. Ta ce babu zafi. Daren nan a kan matashi ta kwana har asuba. Kitson ya yi kwana tara ya fara tashi, na tsefe mata, na bar kan ya sha iska kwana biyu, sannan muka koma.